Lejiyon ta Faransa: yadda baƙo ke shiga, abin da ake ba shi da abin da ake karɓa daga gare shi

Légion étrangère, wadda aka fi sani da Lejiyon a bakin mutane, runduna ce a cikin sojojin ƙasa na Faransa da aka keɓe don ɗaukar baƙi. Tana da mutum kusan 9,000 daga ƙasashe sama da 140. Maza kaɗai take ɗauka a matsayin ƴan Lejiyon, kuma babbar cibiyarta tana garin Aubagne, kusa da Marseille a kudancin Faransa. A cikin rundunonin Turai masu suna, ita ce ke karɓar ɗan Benin ko ɗan Nijar ko ɗan Togo ba tare da ta tambaye shi takardar zama ko shaidar makaranta ba. Wannan ne ya sa sunanta ke yawo a majalisun samari daga Kpébié da Zongo a Paraku har unguwannin Jugu, musamman tun da hotunan masu farar hula suka cika TikTok da Facebook.

Lejiyon ba ta da ofishi ko wakili a wajen Faransa. Ofishin jakadancin Faransa a Kwatano ba ya rubuta sunan kowa, ba a cika takarda ta intanet, ba a aiko wa kowa da takardar gayyata, kuma rundunar ba ta biyan kuɗin jirgi ko taimakawa wajen biza. Shiga kyauta ne. Duk wanda ya zo a Arzèkè ko a tashar mota ya ce yana da hanya, a ba shi jika ɗari biyar ya ajiye wa yaro gurbi, to ɗan damfara ne, ko da ya nuna hoton kansa cikin kaki.

Asalinta

Sarki Louis-Philippe ne ya kafa ta a watan Maris na 1831. A lokacin Faransa ta cika da ƴan gudun hijira da tsofaffin sojojin ƙasashen Turai marasa aikin yi, ga kuma yaƙin mamaye Aljeriya da aka fara a 1830 yana neman mutane. Dokar da ta kafa rundunar ta ce a wajen ƙasar Faransa za a yi aiki da ita. Wato tun farko manufa biyu ce: a rage baƙin da ake jin tsoro a gida, a kuma sami waɗanda za su mutu a nesa ba tare da iyaye Faransawa sun yi kuka ba. Garin Sidi Bel Abbès na Aljeriya ya zama gidanta har 1962, lokacin da Aljeriya ta sami ƴanci aka kwashe komai zuwa Aubagne. Sama da mutum 35,000 sun mutu ƙarƙashin tutarta tun kafuwarta, fiye da 10,000 daga cikinsu a yaƙin Indochine da ya ƙare da faɗuwar Dien Bien Phu a 1954.

Babbar ranarta ita ce 30 ga Afrilu, ranar Camerone. A wannan rana a 1863, a ƙasar Meziko, mutum 65 ƙarƙashin Kyaftin Jean Danjou suka yi yini guda suna faɗa da mayaƙa kusan 2,000 har aka kusa ƙarar da su. Danjou yana da hannun katako, kuma hannun nan yana ajiye a Aubagne, ana fito da shi kowace shekara a zaga da shi a fareti. Bikin shan kaye ne, kuma abin da ake koya wa sabon shiga da shi shi ne cika umarni ko da babu hanyar tsira. Wanda zai sa hannu ya kamata ya ɗauki wannan da gaske, domin su da gaske suka ɗauke shi.

Lejiyon a ƙasar Dahomey, da Hausawan da suka yi tafiya tare da ita

Ƙasar nan ta san Lejiyon tun kafin a san sunan Benin. A 1892, da Kanar Alfred Dodds ya tashi yaƙi da Sarki Béhanzin na Abomey, an aiko masa da bataliya ta ƴan Lejiyon kusan 800 daga Aljeriya. Suka bi kogin Ouémé suka yi arewa. A Dogba, ranar 19 ga Satumba, mayaƙan Dahomey suka auka wa sansaninsu da asuba, aka harbi kwamandan bataliyar, Faurax, ya mutu. An yi ta gwabzawa wata biyu, har da mayaƙa mata da ake kira Agoodjié, kafin Dodds ya shiga Abomey ranar 17 ga Nuwamba ya tarar Béhanzin ya sa wa fadar wuta ya janye. Kayan sarauta 26 da Faransa ta maido wa Benin a Nuwamba 2021 a wannan yaƙi aka kwashe su.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a cikin rundunar Dodds akwai waɗanda Faransawa ke kira tirailleurs haoussas, bataliyar da suka kafa a gabar teku a 1891. Ba su ne farau ba. Tun 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya tara wata ƴar runduna a Legas da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda sojojin Najeriya na yau ke ɗauka a matsayin tushensu. Ingilishi sun kai Hausawa yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, Jamusawa sun ɗauke su a Togo da Kamaru, Sarki Leopold na Beljiyam ya kai wasu har Kwango. Da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa, wasu ƴan alaro ne da ayari ya watse ya bar su a kudu, wasu kuma ba Hausawa ba ne sam, Hausar kawai suke ji, Bature ya haɗa su duka ya kira su da suna ɗaya. Hanyar fataken goro da ta taso daga Kano ta bi Nikki da Paraku da Jugu zuwa Salaga ita ce ta baza irin waɗannan mutane a ko'ina, kuma daga cikinsu Turawa suka sami sojojin da suka ci ƙasashen da su ma baƙi ne a cikinsu. Saboda haka Bahaushe ɗan zango da ya sa kakin wata ƙasa ba sabon abu ba ne a tarihin yankin nan, an fi ƙarni ɗaya da rabi ana yi.

Sai dai a bambanta Lejiyon da tirailleurs sénégalais, rundunar da Faidherbe ya kafa a 1857, wadda mafi yawan ƴan mazan jiya na Borgou da Donga suka yi aiki a cikinta. Waccan ta talakawan mulkin mallaka ce, kuma sau da yawa da ƙarfi ake kama mutum. Kamun soja na yaƙin duniya na farko yana cikin abin da ya tayar da Bio Guéra a Borgou a 1916 da Kaba a Atacora. Lejiyon kuwa a wancan zamani kusan duk Turawa ne, Jamusawa a gaba. Sai a shekarun baya-bayan nan ta cika da ƴan gabashin Turai, ƴan Brazil da Kolombiya, ƴan Nepal, ƴan Madagaska da sauran Afirka.

Ƙofar shiga

Sharuɗɗan a rubuce ba su da yawa. Mutum ya wuce shekara 17 da rabi, kada ya kai 39 da rabi ranar da ya gabatar da kansa, kuma wanda bai cika 18 ba sai da yardar iyaye a rubuce. Ya zo da fasfo mai aiki. Ya iya karatu da rubutu a harshensa. Kada ya kasance ƴan sandan duniya na Interpol suna nemansa. Ba a neman ya iya Faransanci, ba a neman BEPC ko BAC, ba a neman ya taɓa aikin soja.

Wahalar tana wajen isa bakin ƙofar. Wuraren karɓa duk a cikin Faransa suke, manyan biyu su ne Fort de Nogent a gefen Paris da barikin Viénot a Aubagne, kuma a buɗe suke dare da rana duk shekara. Ɗan Paraku sai ya yi tafiyar kilomita sama da 400 zuwa Kwatano, ya nemi bizar Schengen ta gajeren zama, wadda kuɗinta kaɗai yuro 90 ne tun Yuni 2024, kusan jika 59, kuma ba a maido su idan an hana. Babu wata biza mai suna bizar Lejiyon. Ana neman shaidar masauki, inshora, kuɗi a banki da dalilin da zai sa mutum ya dawo gida, wato duk abin da saurayi marar aiki ba shi da shi. Ga ɗan Nijar abin ya fi tsauri, domin Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024. Masu cewa a bi ta Agadas da Libiya a tsallaka teku, in an isa Lejiyon za ta share komai, suna sayar da ran ɗan wani ne a kan abin da ba su da iko da shi: wanda ya isa babu fasfo bai cika sharaɗin farko ba.

Tantancewa

Wanda aka buɗe wa ƙofa ana karɓe fasfonsa da wayarsa da kayansa, a ba shi kayan motsa jiki. Daga nan har a yanke hukunci, mako biyu zuwa uku ko fiye, yana ci yana kwana a bariki, yana shara da wanke-wanke tsakanin gwaji da gwaji, kuma iyalinsa ba sa jin ɗuriyarsa. Gwajin jiki ya ƙunshi ɗaga kai a jikin ƙarfe da hannu, da gudun kai-da-komo na mita 20 da ake kira Luc Léger, inda ƙara ke ƙara sauri har mutum ya kasa. Saurayin da ya saba da noma ko dako ko buga ƙwallo ba a nan ya fi faɗuwa ba.

Likita ne ke mayar da mutane da yawa. Ana duba ido, kunne, haƙora, nauyi da tsawo, tsohon karaya da aikin tiyata, kuma cututtuka irin su tarin fuka, ciwon sukari da ciwon hanta suna hana shiga. Na ƙarshen nan ya shafi yankinmu ƙwarai, domin ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Afirka ta Yamma kuma mutum yakan ɗauke shi shekaru bai sani ba. Gwajin jini a asibitin Paraku ko na Jugu kuɗinsa kaɗan ne in an kwatanta da kuɗin jirgi, kuma hankali ya ce a fara da shi kafin a sayar da fili ko babur. Akwai kuma gwajin ƙwaƙwalwa a kwamfuta, na lissafi da siffofi da saurin fahimta, wanda sakamakonsa ke bin mutum har cikin aikinsa.

Daga nan sai tambayoyin sashen tsaro na rundunar, wanda ƴan Lejiyon da kansu ke yi wa laƙabi da Gestapo. Ana sa mutum ya ba da labarin rayuwarsa tun daga haihuwa, a sake tambayarsa gobe, a sake jibi, ana neman inda maganarsa za ta saɓa. Tsohon zancen cewa Lejiyon mafakar masu kisan kai ce ya daɗe da wucewa. Ƙananan laifuffuka ana iya kau da kai, amma jini, fyaɗe da fataucin ƙwaya suna rufe ƙofa, ƙarya kuma tana rufe ta fiye da laifin da aka ɓoye. A nan matsalar takardu ke fitowa: wanda aka rage wa shekaru a jugement supplétif don makaranta ko ƙwallo, ko wanda sunansa a fasfo ya saɓa da na takardar haihuwa, gara ya daidaita su a ANIP tun yana gida.

A ƙarshe kwamiti ke zaɓa, kuma mafi yawan masu nema ba sa wucewa, har da waɗanda suka ci kowane gwaji, domin gurbi ƙidayayye ne. Wanda aka ƙi ana ba shi takarda, ko ta hani na ɗan lokaci ko ta hani na har abada, a maido masa da kayansa a raka shi bakin ƙofa. Rundunar ba ta mayar da shi ƙasarsa. Bizarsa ba ta wuce kwana 90 ba, kuma da ta ƙare ya zama marar takarda a ƙasar da bai san kowa ba, ga bashin da aka ci a gida don tafiyarsa. Wannan shi ne ɓangaren da hotunan waya ba sa nunawa, kuma shi ne ya fi samun mutane da yawa.

Wata huɗu a Castelnaudary

Waɗanda aka zaɓa ana kai su runduna ta huɗu a Castelnaudary, tsakanin Toulouse da Carcassonne, don horo na kusan wata huɗu. Watan farko a wata gona keɓaɓɓiya ake yin sa, babu waya, babu fita, barci kaɗan, abinci a ƙididdige. Ana ƙare shi da tattaki na kilomita 50 ko fiye cikin kwana biyu da kaya a baya, sannan a ba mutum farar hula, képi blanc, ya karanta ƙa'idojin girmamawa guda bakwai na rundunar. Sauran watannin harbi ne, da hawan dutse a tsaunukan Pyrénées, inda sanyin ya wuce duk abin da hunturun Jugu ya taɓa koya wa mutum.

Faransanci kaɗai ake magana da shi. Ana haɗa wanda ya iya da wanda bai iya ba su zama abokan juna, kuma ana son kowa ya riƙe kalmomi kusan 500 kafin ƙarshen horo. A nan ɗan Benin ko ɗan Nijar da ya yi lakwal yana da rinjaye a kan ɗan Nepal ko ɗan Mongoliya, amma rinjayen yana zuwa da kaya, domin in abokinsa ya kasa fahimtar umarni su biyu ake hukuntawa. Akwai waƙe-waƙe da yawa da ake haddacewa, da tafiyar fareti mai nauyi ta taku 88 a minti, wadda ta sa Lejiyon ke zuwa a ƙarshen masu tafiya a ƙasa a faretin 14 ga Yuli a Paris. Matsayin da mutum ya samu a ƙarshen horo shi ke ba shi damar zaɓar inda za a tura shi: ƴan laima na 2e REP a Calvi cikin tsibirin Corse, sojojin ƙasa a Nîmes ko Larzac, masu motocin sulke a Carpiagne, injiniyoyin yaƙi a Laudun da Saint-Christol, ko kuma dajin Guyane, inda 3e REI ke gadin tashar harba kumbo ta Kourou.

Shekara biyar, da suna, da aure

Kwantiragin farko shekara biyar ne. Akwai wata shida na gwaji a farkonsa, da za a iya sabuntawa, inda ake iya raba gari. Bayan haka wanda ya tafi ba izini ya zama ɗan gudun soja, laifin da dokar sojan Faransa ke hukuntawa da ɗaurin da zai iya kai shekara uku a lokacin zaman lafiya, kuma ya yi asarar duk wata takarda da yake fata.

Rundunar tana iya ɗaukar mutum da wani suna da ba nasa ba, abin da ake kira identité déclarée. A da wannan ne ke jawo masu gudun wani abu a baya. Yau amfaninsa ya fi karkata ga ba rundunar lokaci ta binciki takardun mutum, kuma bayan shekara guda yana iya neman a maido masa da sunansa na gaskiya, da sharaɗin ya kawo takardar haihuwa sahihiya daga gida. Kafin a yi wannan gyara hannunsa a ɗaure yake a abubuwa da dama, ciki har da fita ƙasar waje. Uwa tana iya rasuwa a Kpébié ɗanta bai sami zuwa ko sadakar arba'in ba.

Kowa a matsayin gwauro ake rubuta shi, ko da ya bar mata da ƴaƴa uku. Aure a lokacin aiki sai da izini, kuma ba a shekarun farko ba. Ƙaramin soja a bariki yake kwana. Ga al'ummar da saurayi ɗan shekara 25 ake fara yi masa maganar lefe, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma matar da aka bari ita ke ɗaukar mafi nauyin kwantiragin da ba ta sa wa hannu ba.

Batun addini ana yawan tambayarsa. Sojojin Faransa suna da limaman Musulmi a hukumance tun tsakiyar shekarun 2000, kuma akwai abincin fagen daga na halal. Amma Lejiyon tana da al'adunta da ba ta sassautawa. Ana aske gemu, in ban da ƴan fareti masu gatari da ake kira pionniers. Daren Kirsimeti kowa a bariki yake yin sa tare da hafsoshinsa, Musulmi da Kirista da marar addini, domin an ɗauke shi bikin iyali na rundunar. Giya tana cikin yawancin bukukuwa, ko da ba a tilasta wa kowa sha. A lokacin horo jadawali ba ya tsayawa don azahar ko don azumi. Musulmi da yawa sun yi aiki a ciki sun riƙe addininsu, amma da ramuwar salla da haƙuri suka yi.

Kuɗi da takardu

Albashin sabon shiga yana wajen yuro 1,500 a wata, wato wajen miliyan ɗaya na sefa, tun da yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. Ci da kwana da sutura a kan rundunar suke, kuma ana ƙara alawus ga ƴan laima da waɗanda aka tura aiki waje. A ma'aunin Faransa wannan kusan mafi ƙarancin albashi ne. A ma'aunin Paraku kuwa, inda mafi ƙarancin albashi na hukuma jika 52 ne, dukiya ce, kuma wannan tazara ita ce ainihin mai ɗaukar soja, ba hotunan fareti ba.

Zama ɗan ƙasar Faransa ba ya zuwa da kansa. Bayan shekara uku na aiki mutum yana da damar nema, da sunansa na gaskiya da kyakkyawar shaida daga shugabanninsa, kuma ana iya jinkirtawa ko a hana. Wanda ya gama aiki da takardar shaidar ɗa'a, certificat de bonne conduite, yana iya samun katin zama na shekara goma, wanda aka hana wa takardar nan kuwa yana iya fita bayan shekara biyar hannu rabbana. Akwai kuma dokar 29 ga Disamba 1999, wadda ta ba ɗan Lejiyon da aka raunata a fagen daga damar zama Bafaranshe saboda jinin da ya zubar. Fansho na nan take sai bayan shekara 17 na aiki. Jikokin ƴan mazan jiya suna da dalilin karanta wannan sashe da idon basira: a Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, an buɗe wa tirailleurs wuta saboda sun nemi haƙƙinsu, kuma dokar 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka har sai da kotun tsarin mulkin Faransa ta rushe bambancin a 2010. Yau ɗan Lejiyon albashinsa ɗaya da na sojan Faransa mai muƙami irin nasa, amma manyan hafsoshi kusan duk Faransawa ne, kaɗan ne ke tasowa daga ƙasa.

Ta ɓangaren gida, Benin da Nijar sun yarda da riƙe ƙasa biyu, haka Najeriya ga wanda aka haifa ɗan ƙasa. Amma Bahaushen zango sau da yawa danginsa sun ratsa iyaka biyu ko uku, kuma yadda ake kallon kakin Faransa a Kwatano ba haka ake kallonsa a Yamai ko Wagadugu ba a yau.

Inda ake tura su

Lejiyon tana cikin waɗanda ake fara turawa. Ƴan laimanta ne suka sauka a Kolwezi ta Zayar a Mayu 1978, su ne kuma suka dira a Tumbutu a ƙarshen Janairu 2013 a farkon yaƙin Serval. Ranar 19 ga Fabrairu na shekarar aka kashe Saje Harold Vormezeele, haifaffen Beljiyam, a duwatsun Ifoghas. A 2015 sun dira a mashigar Salvador a arewacin Nijar, kuma a Mayu 2020 ƴan Lejiyon biyu na rundunar sulke suka mutu sakamakon faɗa a Mali, ɗayansu ɗan asalin Yukren. Tun daga nan Faransa ta fice daga Mali a 2022, Burkina Faso da Nijar a 2023, Chadi da Senegal a 2025. Aikin yanzu ya fi karkata ga gabashin Turai, wato Romaniya da Estoniya, da farautar masu haƙar zinariya ba izini a Guyane, da sintiri a titunan Faransa. Amma soja ba ya zaɓar yaƙinsa, kuma kwantiragin bai ce ba za a tura mutum ƙasar kakanninsa ba.

Sojan haya, da sauran ƙofofi

Mutanen Benin sun san sojan haya ido da ido: ranar 16 ga Janairu 1977 Bob Denard ya sauka a filin jirgin Kwatano da mayaƙansa don kifar da gwamnatin Mathieu Kérékou, aka kore su cikin ƴan sa'o'i. A wannan shekara aka rubuta ma'anar sojan haya a sashe na 47 na ƙarin yarjejeniyar Geneva, kuma ƙungiyar haɗin kan Afirka ta yi tata yarjejeniyar a Libreville. A ƙarƙashin wannan ma'ana ɗan Lejiyon ba sojan haya ba ne, domin cikakken soja ne na rundunar wata ƙasa, yana ƙarƙashin dokarta, kuma in an kama shi fursunan yaƙi ne.

Sauran rundunoni ƙofarsu ta fi ƙunci. Ingila tana ɗaukar ƴan ƙasashen Commonwealth, da suka haɗa da Najeriya da Ghana, da Togo tun 2022, amma Benin da Nijar ba sa ciki, kuma gurbin kaɗan ne, ana buɗewa ana rufewa. Amurka sai mai katin zama na dindindin. Lejiyon ta Sifen ƴan ƙasashen Latin Amurka masu jin Sifaniyanci da ƴan Equatorial Guinea take karɓa. Da Yukren ta buɗe rundunar baƙi a ƙarshen Fabrairu 2022, gwamnatocin Najeriya da Senegal sun fito sun hana a ɗauki ƴan ƙasarsu.

Ƙofar da ta fi faɗi a yau ita ce ta fi haɗari. A Nuwamba 2025 ministan harkokin wajen Yukren ya ce ƴan Afirka sama da 1,400 daga ƙasashe 36 suna yaƙi a ɓangaren Rasha, kuma gwamnatocin Togo, Kenya da Afirka ta Kudu duk sun yi magana a kan ƴan ƙasarsu da aka yaudara. Salon kusan ɗaya ne: dillali ya yi alkawarin karatu ko aikin gadi ko tuƙi, ya samo biza cikin sauƙi, a isa a miƙa wa mutum takarda da Rashanci ya sa hannu, bayan ƴan makonni ya tsinci kansa a ramin daga. Alamar gane su ita ce sauƙin da suke kawowa, tun da Lejiyon ta gaskiya ba ta taɓa zuwa neman kowa a gida.

A cikin Benin kanta ana ɗaukar soja. Tun da hare-hare suka tsananta a Alibori da Atacora gwamnati ta kafa rundunar Mirador a 2022, ta kuma sanar da ɗaukar matasa 5,000 a 2023. Wannan aiki ba ya buƙatar biza ko sayar da gona, albashinsa bai kama ƙafar na Aubagne ba, haɗarinsa kuma a fili yake: gwamnati ta tabbatar da mutuwar sojoji 54 a harin 17 ga Afrilu 2025 a gandun dajin W, tafiyar yini ɗaya daga barikin Séro Kpéra na Paraku.